Neman Inda Jirgin Baba Yake Sauka

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a bakin kogi, a kasuwar kifi, tambayar ɗaya ce: Sale, yaya can ɗin? Na gaji da maimaitawa. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka na zaunar da 'yata Hajara, ina faɗa tana rubutawa. Wanda ya sake tambayata a karanta masa.

Ni masunci ne, haifaffen Haɗeja. Ambaliya ta ci mini gida har na daina jin haushinta. Kwale-kwale ya taɓa kifewa da ni a wajen Baturiya, na yini rungume da reshen giyayya, ban mutu ba. Na faɗi wannan ne don a san ba baƙon ruwa ba ne ya tafi.

Dalilin tafiyar shi ne Baba, Allah ya jiƙansa. Yana saurayi, lokacin yaƙin Turawa, aka ɗebe shi cikin masu aikin ƙarfi, ya ɓace shekaru. Da ya dawo sai ya ce Gambiya aka kai shi, wani wuri da jirgin sama mai ciki irin na kwale-kwale yake sauka a kan ruwa. Ya ce a nan ake koya wa samarin Turawa tuƙi da sauka, shi kuma aikinsa ya tura jirgin ruwa ya je ya karɓi igiya ya ɗaure. Mutanen garinmu a lokacin ko a tudu ba su taɓa ganin saukar jirgi ba. Sai wani ya ce ƙarya ce, gidan yari aka ɗaure shi a Kudu, kunya ta sa ya ƙago labari. Maganar ta zauna. Aka sa masa suna Mai Agwagwar Ƙarfe, ya mutu da shi. Ni kuma na gaji guntunsa, Ɗan Agwagwa.

Wanda ya fara maganar gidan yarin uban Haladu ne, Haladu mai nama da muke zama majalisa ɗaya. Shi ma gado ya yi. Ranar da yara suka nuna mana irin jirgin a waya, na ce, "To ga shi."

Haladu ya ce, "Akwai shi, mun gani. Wa ya ce tsohonka ya gan shi? Ni ma akwai Makka, ban je ba."

Da aka fara rubuta sunayen masu zuwa ziyara Kaulaha, can Senegal, ta mota, na ji ana cewa daga can zuwa Gambiya ba nisa, sai na ba da sunana. Allah ya san ziyara na je. Ya kuma san abin da na ɓoye a ƙarƙashinta.

Abokin kujerata Malam Buba ne, Bafulatanin gari daga Malam Madori, mai sayar da tattasai. Tun daga Kano ya fara magana. Ina jin a Mali ya haɗiye yawu na farko. Kujerarmu a kan tayar baya take, duk ramin da ke tsakanin Kano da teku ya gaisa da ƙuguna.

Guzurin da na riƙe bandar tarwaɗa ce, cike da buhu ƙarami. Kafin mu bar Nijar motar gaba ɗaya ta san da ita. Masu zikiri a gaba suna yi suna waiwayowa. Wata hajiya ta fesa turare, abin ya haɗu ya zama wani wari na uku da ya fi na farko muni.

A wata iyaka aka sauke mu duka, aka jera mu a rana, kowa da katin allurarsa a hannu. Wani ma'aikaci dogo ya buɗe buhuna, ya ja da baya, ya yi Faransanci mai yawa. Na tambayi Buba me ya ce.

"Ya ce wa ya mutu."

"Ka iya Faransanci ne?"

"Ban iya ba, amma fuskarsa Hausa ta yi."

Ma'aikacin ya ɓalli kan tarwaɗa ɗaya ya tauna. Ya sake ɓalla. Ya kira abokinsa. Da na koma mota buhun ya yi sauƙi sosai, mutane kuma suna yi wa hukumar ƙasar addu'a.

A Bamako muka kwana a tasha, kan tabarma. Buba ya tashi da safe yana ƙorafin sauro. Ni na yi barci lafiya. Wanda ya girma a fadamar Haɗeja ba zai kira waɗannan sauro ba, 'yan koyo ne. Abin da ya ci ni burodinsu ne. Dogo kamar gorar tura jirgi, bayansa kamar ƙirgi. Na gatsa, haƙorin da yake girgiɗi tun bara ya ce shi a nan zai sauka. Na binne shi a gindin wata bishiya. Yanzu ina da ɗan'uwa a Mali.

Bayan nan zafi ne da shingen bincike, shingen bincike da zafi. Ba abin faɗa.

A Kaulaha aka raba mu gidaje. Mutanen kirki ne, ba su san mu ba suka bar mana ɗakinsu. Amma suna da wata al'ada: ba a gaida mutum da sunan yankansa, sai da sunan gidansu, kuma a yi ta maimaitawa, wannan shi ne girmamawa. Maigidan ya ɗan iya Fulatanci irin nasu, ya tambayi Buba sunan gidanmu. Ni ba ni da wani sunan gida, Sale ne ɗan Audu. Buba ya dube ni, ya dubi maigidan, ya ce, "Agwagwa."

Shi ke nan. Da safe maigida ya kama hannuna da hannu biyu: Agwagwa, Agwagwa. Matarsa ta rusuna: Agwagwa. Surukarsa tsohuwa daga cikin ɗaki: Agwagwa. Na tsallake ƙasa huɗu don in wanke sunan nan, na tarar ya riga ni isa.

Na ce wa Buba, "Kai Bafillace, Allah ya isa."

Ya ce, "Kaɗo, ka taɓa jin an faɗe shi da ladabi haka a Haɗeja?"

Gaskiya ban taɓa ji ba.

Abincinsu shinkafa da kifi, a faranti ɗaya mai faɗi, kowa ya kewaye, maza da mata. Uwargida tana zaune tare da mu, tana ɓallar kifi tana jefowa gaban baƙo. Da farko na ɗauka wanda ba ta so take turo mini, na riƙa mayar mata. Ta jefo, na mayar. Buba ya taka mini ƙafa. Suna kuma shan wani kofi da kimba a ciki, kimbar da mu muke daka wa mai jego. Na sha, jikina ya yi ɗumi, ban haihu ba. Ranar da za mu rabu na ba uwargida ragowar bandata, ina jin na yi bajinta. Ta yi godiya sosai. A bayanta kuma kifin da za ta dafa ne a kwance cikin baho, kansa kaɗai ya fi duk abin da na kawo.

Da aka gama ziyara, motarmu za ta ɗan jira wasu, na ce wa Buba zan leƙa Gambiya. Ya ce ba zai bar ni ba, wanda bai iya cin burodi ba ba a sakinsa shi kaɗai a ƙasar mutane. Gaskiyar magana Fulatancinsa nake bukata. Nawa na cinikin nono ne.

Muka tsallaka iyaka, muka isa bakin ruwa. A nan ake shiga wani babban jirgi mai ɗaukar motoci da shanu da mutane ya haye da su Banjul. Na shiga da ƙafar dama ina taƙama, na ce wa Buba ya riƙe ni in ya ji tsoro, ruwa gidanmu ne. Ba mu yi nisa ba jirgin ya fara wani lilo. Ruwanmu gaba yake tafiya. Wannan sama yake zuwa ya dawo ƙasa. Cikina ya bi shi. Na rungume ƙarfen gefe na mayar wa teku duk shinkafar Kaulaha. Buba, mutumin da ko rijiya ba ya leƙawa, yana tsaye yana cin gyaɗa.

"Sarkin ruwa, in riƙe ka?"

Bakina yana aiki.

A Banjul muka yi ta tambaya. Wani mai tasi ya kai mu hanyar filin jirgin sama, muka dawo. Matasa ba su san zancen ba. Sai wani dattijo mai ɗinkin taru ya ji, ya ɗaga kai ya yi mana kwatance: bayan gari, bakin wani rafi, inda mata suke dafa kawa.

Mun isa da hantsi. Abin da na gani: katanga rusasshiya, wata babbar rumfar ƙarfe ba rufi, awaki a ciki, da tulin ɓawon kawa ya fi tsayina. Kawa wani abin ruwa ne mai ɓawo biyu, cikinsa kamar majina, suna ci suna murna. Akwai mai gadi, tsoho, Bafulatani, sunansa Mamadu. Buba ya gaishe shi, suka yi ta lalube har Fulatancinsu ya haɗu.

Mamadu ya ce e, nan ne. Shi bai gani da idonsa ba, ubansa ne ya ba shi labari. Rumfar nan a ciki ake gyaran jiragen. Ya nuna wani ɗaki mai baƙin bango, ya ce a nan ake koya wa samarin karatun tuƙi kafin a sa su a ruwa, kuma wai sabon shiga in zai sauka sai masunta su tattara jiragensu su gudu bakin gaɓa. Da yaƙi ya ƙare Turawa suka kwashe nasu suka tafi. Wurin ya zama ma'ajiyar gyaɗa, daga baya na kifi, daga baya na awaki. Na sa Buba ya tambaye shi ko ya ji labarin wani Audu, Bahaushe. Ya ce mutane daga ko'ina an kawo, wa ya riƙe sunan lebura?

Buba ya ce, "To ka ji. Ɗauki hoto mu tafi." Mamadu kuma ya ɗora tukunyar shayi a bayan katanga, Buba ya bi shi. Ni na zagaya ta gaba in ga ruwan da jirgin yake sauka.

Babu ruwa.

Akwai wani faffaɗan daɓen siminti mai gangara, ya sauka ya shige cikin laka. Daga nan laka ce baƙa, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, sai wani ɗan zirin ruwa can tsakiya wanda akuya za ta tsallake. Na dubi saiwoyin itatuwan gefe, na ga alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, sama da kaina. Na karanta ta yadda na saba karantawa a gida. A wurinmu ruwa yana zuwa da damina, ya cika fadama, ya yi watanni yana janyewa, mu bi bayansa mu shuka. Na ce wannan alamar daminar bara ce. Wato wurin fadama ce irin tamu. Baba kuwa cewa ya yi kullum jirgi yana sauka, rani da damina.

A wannan lakar? Ko agwagwar gaske sai ta yi tunani.

Na ce watakila Baba ya ji labarin wurin ne a bakin wani, a can inda uban Haladu ya ce. Can cikin lakar na hango wani ƙaton ƙarfe mai tsatsa, kamar randa, rabinsa a binne, da zobe a kansa. Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na nufe shi. Lakar tana kama ni har gwiwa, ɓawon kawa yana yanka ƙafa. Na isa, na hau, na zauna na ba gaɓa baya. Na ciro waya na ɗauki hoton laka. Sannan na yi wa Baba magana. Abin da na faɗa masa tsakanina da shi ne. Ba mai daɗi ba ne.

Na ji mata suna ihu daga gaɓa. Na waiwaya, suna ɗaga hannu. Na ce ga baƙo a kan randa, dole su yi dariya. Na ɗaga musu hannu ni ma, na juya.

Sai na ji sanyi a dugadugaina.

Na duba. Ruwa. Na dubi sama, ko gajimare babu. Na dubi ruwan, ga shi yana tafiya, amma ba gangarawa yake ba, hawa yake yi, daga wajen teku zuwa cikin ƙasa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin kogi yana komawa gida ba. Na ɗanɗana, gishiri. Kafin in gama mamaki sawuna ya ɓace, hanyar da na biyo ta zama tafki. Na sauko in gudu, laka ta riƙe ni har cinya, ruwa ya kai ƙugu, wayar tana aljihun wando. Da ƙyar na zare ƙafa na koma kan ƙarfen. Na tsaya a tsaye. Ruwan ya hau ƙarfen ya same ni. Na cire riga na naɗa a ka, ban san amfanin hakan ba, hannuna ne yake neman aiki.

Na iya iyo. Amma iyo a ruwan da ka san abin da ke cikinsa ake yi. Na fara salati da ƙarfi.

Wata tsohuwa ce ta zo, a wani ɗan kwale-kwale da bai kai rabin nawa ba. Ƙafafunta naɗe da tsumma, bakinta bai tsaya ba tun daga gaɓa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Ta nuna mini ƙasan jirgin, na zauna tsakanin kwandunan kawa. Na miƙa hannu in karɓi filafili, don in nuna mata ni ma ɗan sana'a ne. Ta buge mini hannu da shi. Na naɗe hannuwana na zauna kamar kaya.

Daga nan zaune na waiwaya. Lakar duk ta tafi. Ruwa ne shimfiɗe, faɗinsa ya fi duk inda na taɓa jefa birgi, lumui, ba kututture ba ciyawar kachalla. Ba jirgi ɗaya ba, garke ma zai sauka.

A gaɓa mata sun taru, Buba yana riƙe da kofin shayi yana dariya har yana zubarwa. Mamadu ya ce kowace rana haka ruwan yake yi, ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, yaron goye ma ya sani. Ya ce bai hana ni ba ne don Buba ya gaya masa ni babban masunci ne.

Ina tsaye ina ɗiga, sai idona ya kai kan tsohuwar tana ɗaure jirginta a wani zoben ƙarfe da ke jikin simintin. Ta ɗaura, sannan ta saki igiya mai tsawo, gaba biyu ko fi, ta bar ta tana yawo a ruwa. Na dubi sauran jiragen. Duk haka suke.

Haka gidanmu muke ɗaure jirgi. Mu kaɗai a duk bakin kogin Haɗeja. Kowa yana jan jirginsa ya matse shi da turke, mu muna barin igiya sako-sako, ana ce mana masu ɓarnar igiya. Ina yaro in na ɗaure a matse Baba yakan make mini ƙeya ya kwance ya sake. Bai taɓa faɗin dalili ba. Na sa Buba ya tambaya. Mamadu ya ce ai dole, wanda ya matse igiya, in ruwa ya janye ya tarar da jirginsa a rataye, in ya taso ya danna masa kai ƙasa.

Ina jin Baba ya ga abin da labarin jirgi ya jawo masa, ya ce ba zai ƙara da na ruwa ba. Bakinsa ya yi shiru, hannunsa ya ƙi mantawa.

Na zauna a kan simintin. Buba ya daina dariya, ya miƙo mini shayinsa. Na janye abin da na faɗa a kan ƙarfen, na yi wa Baba addu'a. Tsohuwar ta kawo mini kawa dafaffiya a ɓawo. Na ci. Wanda ya tsamo ka ba ka ƙin abincinsa. Majinar ce dai, amma da yaji.

Dawowa irin zuwa ce, sai dai ba banda, motar ta yi ƙamshi. Wayar ba ta sake farfaɗowa ba. Buba kuma ya ba kowa labari tun kafin mu fita Senegal, ya ƙara gishiri, har da kada.

Washegarin isowata na je majalisa. Haladu yana kan bencinsa.

"Ɗan Agwagwa, barka da zuwa. Ina hoton?"

"Ruwa ya ci."

"Wane ruwa?"

Na faɗa musu. Ruwan da yake tafiya ya dawo sau biyu a rana, ba hadari ba damina. Aka kwashe da dariya. Haladu ya dafa ciki ya ce, "Jama'a ku ji. Uban ya ce jirgi yana sauka a ruwa, ɗan ya ce ruwa yana zuwa yawo ya dawo cin abinci. Abin a jini yake."

Na bari suka gama. Sannan na ce, "Yaya gidanmu muke ɗaure jirgi?"

Wani ya ce, "Da ɓarnar igiya."

Na ce, "Haka kowa yake ɗaurewa a can." Na faɗi dalilin. Masunta ne akasarinsu, ba sai an maimaita musu ba. Dariyar ta ragu. Wani tsoho tukuf da ya yi su tare da Baba tun yana yaro ya ce lallai kafin Audu ya tafi a matse yake ɗaurewa kamar kowa.

Haladu ya ce, "Igiya ba shaida ba ce."

Na ce, "A gidan yari ake koyon ɗaure kwale-kwale?"

Ya ɗauki wuƙarsa yana gogawa a dutse, ya daɗe yana gogawa. Can ya ɗago.

"To. Allah ya jiƙan Malam Audu." Aka ce amin. Sai ya ce, "Amma tsaya. Buba ya ce mace ce ta tsamo ka?"

"Tsohuwa."

"A cikin kwando?"

"Kusa da kwando."

Tun ranar ba wanda ya sake ambaton gidan yari. Ni kuma yanzu ko yara a bakin kogi Tsintuwar Tsohuwa suke kirana. Ina amsawa.